Sarrafa Uwar Garke Daga Nesa ta Keɓaɓɓiyar Hanya: Na'urori, Amfani da Haɗari

Tsakure

Mujallu da ƙamusoshi da taskokin rubuce-rubucen Hausa da ake karantawa a intanet suna zaune ne a kan manyan kwamfutoci da ake kira uwar garke, kuma galibi waɗannan kwamfutoci suna nesa da masu su. Wannan maƙala ta yi bayanin na'urorin da ke ba ma'aikaci damar kunna uwar garke da kashe ta da duba lafiyarta da gyara ta daga nesa, ko da babbar manhajarta ta tsaya cik ko hanyar sadarwarta ta yanke. An bi diddigin asalin dabarar, an fayyace ƙirar na'urorin da ƙa'idojin da suke bi, sannan an kawo manyan katsewar sadarwa guda uku da suka bayyana muhimmancinsu. An kuma nuna cewa ƙofar da aka tanada domin ceto tana iya zama ƙofar ɓarna idan aka yi sakaci da ita. Daga ƙarshe an duba abin da lamarin ke nufi ga cibiyoyin ilimi a ƙasar Hausa, tare da kalmomin da suka dace a yi amfani da su wajen bayyana fannin.

Fitilun Kalmomi: uwar garke, keɓaɓɓiyar hanya, mai gadin allo, tsaron bayanai, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Uwar garke, wadda wasu ke kira saba, kwamfuta ce da aka ƙera domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana ba tare da hutu ba. Ita ke riƙe da shafukan intanet da wasiƙun imel da sakamakon jarrabawa da kundayen bincike. Ba kasafai ake ajiye ta a ofis ba. Mazauninta shi ne cibiyar adana bayanai, wato ɗaki mai sanyi da tsayayyar wutar lantarki da matakan tsaro, inda ake jera ɗaruruwa ko dubban irinta a kan kantoci na ƙarfe, ba tare da allon kallo ko allon rubutu a jikin kowacce ba.

A yau da kullum ma'aikacin da ke kula da ita yana shiga ne ta hanyar sadarwar da kowa ke bi, ya ba babbar manhajarta umarni, ita kuma ta aiwatar. Matsalar tana tasowa ne ranar da babbar manhajar ta daskare, ko aka yi kuskure wajen saita hanyar sadarwa, ko wuta ta ɗauke ta dawo na'urar ta ƙi tashi. A wannan hali, kayan aikin da za a yi gyara da su suna cikin abin da ya lalace, kamar wanda ya kulle ɗaki ya bar makulli a ciki. Idan na'urar tana Legas, mai ita kuma yana Sakkwato ko Zariya, danna maɓalli ɗaya na iya cin tafiyar yini guda. Domin magance wannan ne aka ƙirƙiro na'urorin da maƙalar ke bayani a kansu.

2.0 Ma'anar Keɓaɓɓiyar Hanya da Asalinta

Hanyoyin kula da uwar garke iri biyu ne. Ta farko ita ce hanyar gama-gari, inda umarnin mai kula da saƙonnin masu amfani ke bin waya ɗaya, suna kuma dogara da babbar manhaja ɗaya. Ta biyu ita ce keɓaɓɓiyar hanya, inda umarnin ke bin wata waya ta daban zuwa wata ƙaramar na'ura mai cin gashin kanta, wadda ba ta jiran babbar manhaja kafin ta amsa.

Wannan rarrabewa ta samo asali ne daga fasahar tarho. A tsakiyar ƙarni na 20, kamfanin tarho na Amurka yana aika saƙonnin sarrafa kira a cikin layin da muryar masu magana ke bi. Sauti mai kaɗawa 2600 a daƙiƙa shi ne alamar cewa layin nesa ba kowa a kansa. Da wasu matasa suka gano haka, sai suka riƙa kwaikwayon sautin da usur ko da wata 'yar na'ura da aka fi sani da shuɗin akwati, suna kiran ƙasashen waje kyauta. Steve Wozniak da Steve Jobs, waɗanda daga baya suka kafa kamfanin Apple, suna cikin waɗanda suka ƙera irin wannan akwati a farkon shekarun 1970. Maganin da kamfanonin tarho suka samo shi ne raba hanyar umarni da hanyar murya, kuma a kan wannan tushe aka gina tsarin SS7 wanda aka daidaita a 1980. Masana kwamfuta sun ari tunanin da sunansa: abin da ke sarrafa hanya bai kamata ya dogara da hanyar da yake sarrafawa ba.

3.0 Mai Gadin Allo

Zuciyar wannan tsari wata ƙwayar lantarki ce da ake likawa a kan babban allon uwar garke tun daga masana'anta. Masana suna taƙaita sunanta da haruffan BMC, a nan kuma an kira ta mai gadin allo. Cikakkiyar kwamfuta ce a cikin wata kwamfutar: tana da ƙwaƙwalwarta, da ma'adanarta, da dasasshiyar manhajarta wadda a mafi yawan lokuta ƙaramin nau'in Linux ce, da kuma kafar sadarwarta. Kamfanin ASPEED na Taiwan ne ke ƙera mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi, kamar AST2500 da AST2600, sai kuma kamfanin Nuvoton. Manyan masu ƙera uwar garke kowa da sunan da ya laƙaba wa nasa: Dell na kiran nasa iDRAC, HPE na kiran nasa iLO, Lenovo yana da XClarity, Oracle yana da ILOM, Fujitsu kuma iRMC.

3.1 Tushen 'Yancinsa

Abubuwa uku ne ke ba mai gadin allo 'yanci. Na farko wuta. Muddin wayar lantarki tana jone da soket, ma'ajin wutar na'urar yana fitar da 'yar ƙaramar wuta ta jiran aiki ko da an kashe uwar garken, kuma da ita mai gadin ke rayuwa. Saboda haka kashe uwar garke bai kashe shi ba, sai an zare waya. Na biyu manhaja. Tasa daban take da ta uwar garken, don haka rushewar Windows ko Linux da ke kan babbar na'ura ba ta taɓa shi. Na uku sadarwa. A yawancin na'urori yana da kafarsa ta musamman a bayan akwati, da adireshinsa na kansa. Wasu na'urori masu rahusa suna barinsa ya yi tarayya da uwar garken a kafa ɗaya ta wata ƙa'ida mai suna NC-SI. Wannan yana rage kuɗin waya, amma yana rage keɓancewar da ake nema, domin waya ɗaya idan ta tsinke duka biyun sun tafi.

3.2 Abin da Yake Gani

Mai gadin allo yana haɗe da ma'aunai masu yawa ta wasu siraran layuka da ke kan allon. Ta nan yake sanin zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta da zafin iskar da ke shiga akwati, da saurin juyawar kowace fanka, da ƙarfin wutar da ke isa sassa daban-daban, da lafiyar ma'ajin wuta, har ma da ko an buɗe murfin akwatin. Duk abin da ya saɓa wa iyakar da aka gindaya, yana rubuta shi a kundin aukuwa tare da rana da lokaci, ya kuma aika gargaɗi ta imel ko ta manhajar sa-ido. Wannan kundi yana nan ko da faifan ajiya ya lalace, saboda haka shi ne shaidar farko da ake dubawa bayan hatsari. Har ila yau yana riƙe da lambobin shaida na kowane ɓangare, abin da ke sauƙaƙa odar madadi ba tare da an buɗe akwati ba.

3.3 Abin da Yake Iya Yi

Aikinsa bai tsaya ga kallo ba. Yana iya kunna uwar garke, ya kashe ta a tsanake, ko ya yanke mata wuta da ƙarfi ya sake tayar da ita. Yana ɗaukar hoton abin da zai bayyana a allon kallo ya aika wa ma'aikaci, ya kuma karɓi abin da ma'aikacin ya buga a allon rubutunsa da motsin linzaminsa ya miƙa wa uwar garken tamkar an jona su a jikinta. Da haka ake ganin saƙonnin farko da na'ura ke nunawa kafin babbar manhaja ta tashi, a kuma shiga saitunan BIOS ko UEFI. Yana iya sa fayil da ke kwamfutar ma'aikaci ya bayyana wa uwar garken a matsayin faifan CD ko filashi, ta yadda za a girka sabuwar babbar manhaja daga wata nahiya. Akwai kuma agogon tsaro, wanda babbar manhaja ke taɓawa lokaci-lokaci domin nuna tana raye. Idan ta yi shiru fiye da wa'adin da aka ɗiba, mai gadin ya sake tayar da ita da kansa.

4.0 Ƙa'idojin Sadarwa: Daga IPMI zuwa Redfish

A farkon lamari kowane kamfani da irin katin da yake sayarwa daban, ana soka shi a cikin uwar garke, kuma na wani ba ya jin yaren na wani. A watan Satumba na 1998 kamfanonin Intel da Hewlett-Packard da NEC da Dell suka fitar da ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna IPMI. Bugu na 1.5 da ya fito a 2001 ya ba da damar aika umarni ta hanyar sadarwa. Bugu na 2.0 na shekarar 2004 ya ƙaro da sirranta saƙonni da kuma damar ganin rubutun da ke fita ta kafar siriyal daga nesa. Umarnin IPMI suna bin kafa mai lamba 623 ta tsarin UDP, kuma har yau manhajar ipmitool tana cikin kayan aikin da masu kula da uwar garke ba sa rabuwa da su.

Da cibiyoyin bayanai suka girma suka kai dubban na'urori, sai gazawar IPMI ta bayyana: saƙonninta jerin lambobi ne masu wuyar karantawa, kuma tsaronta na wani zamani ne da ya wuce. A 2015 ƙungiyar DMTF ta fitar da Redfish, ƙa'idar da ke amfani da HTTPS, wato hanyar da shafukan intanet masu tsaro ke bi, tana kuma bayyana bayanai cikin tsarin JSON wanda mutum da na'ura duk za su iya karantawa. Kamfanonin da suka assasa IPMI sun sanar cewa ba za su ƙara sabunta ta ba, sun kuma shawarci jama'a su koma ga sababbin ƙa'idoji irin su Redfish. A ɓangaren manhaja, aikin OpenBMC, wanda ke samar da buɗaɗɗiyar manhaja ga mai gadin allo, ya koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux a 2018 tare da goyon bayan Facebook da Google da IBM da Intel da Microsoft. Manufarsa ita ce mai na'ura ya iya duba abin da ke gudana a cikin ƙwayar da ke da iko a kan dukiyarsa.

5.0 Na'urorin da Ake Jonawa Daga Waje

Ba kowace na'ura ke zuwa da mai gadin allo ba, kuma ko mai shi yana buƙatar hanyar da za a isa gare shi. Saboda haka akwai wasu na'urori huɗu da ke cika tsarin.

Ta farko ita ce akwatin KVM mai aiki ta hanyar sadarwa. Ana jona shi a kafar hoto da kafar USB ta kowace irin kwamfuta, shi kuma ya aika hoton allo ya karɓo bugun rubutu da motsin linzami. Kamfanoni irin su Raritan da Avocent sun daɗe suna ƙera shi, sannan aikin PiKVM ya nuna yadda za a haɗa mai rahusa a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi.

Ta biyu ita ce matattarar kafofin siriyal. Na'urorin rarraba sadarwa da masu zaɓen hanya da katangun tsaro ba su da allon kallo, sai wata tsohuwar kafa ta RS-232 da ke fitar da rubutu zalla, galibi a kan saurin 9600 ko 115200. Matattarar tana tara wayoyin waɗannan kafofi wuri ɗaya, ta ba ma'aikaci damar shiga kowacce daga nesa. Tsufan wannan kafa shi ne ƙarfinta, domin ba ta buƙatar adireshi ko wani saiti mai sarƙaƙiya kafin ta yi aiki.

Ta uku ita ce ma'ajin soket mai karɓar umarni, wanda ke iya yanke wuta daga soket ɗaya ya mayar. Shi ne mafita ta ƙarshe idan mai gadin allo da kansa ya daskare, abin da kan faru.

Ta huɗu ita ce layin ko-ta-kwana. A da layin tarho ne da modem, yanzu kuma layin wayar salula ne ko tauraron ɗan'adam. Sharaɗinsa shi ne ya kasance na wani kamfani daban, ya kuma bi ta wata hanya daban da babban layin cibiyar.

6.0 Darussa Daga Manyan Katsewa Uku

Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɓace daga intanet na kimanin sa'o'i shida. Wani umarni da aka bayar yayin aikin gyara na yau da kullum ne ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin bayanan kamfanin, daga nan na'urorinsa suka daina sanar da duniya inda adireshinsa yake. A bayanin da kamfanin ya fitar ya amsa cewa babbar hanyar shiga da keɓaɓɓiyar hanyar duk sun faɗi tare. Dole aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa cibiyoyin, inda matakan tsaron da aka kafa domin hana ɓarayi suka jinkirta masu gyara.

Ranar 8 ga Yuli 2022 kamfanin sadarwa na Rogers a Kanada ya tsaya, abin da ya shafi masu hulɗa da shi sama da miliyan 12, ya kuma taɓa biyan kuɗi da kati da kiran lambar gaggawa ta 911. Binciken da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta sa aka gudanar ya gano cewa hanyar da injiniyoyi ke bi su sarrafa na'urori ta dogara ne da cibiyar da ta rushe, kuma su kansu ma'aikatan layukan kamfanin suke riƙe da su, don haka har kiran juna ya yi musu wuya.

Ranar 19 ga Yuli 2024 wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows, waɗanda Microsoft ya ƙiyasta yawansu da miliyan 8.5. Gyaran bai da wuya: a tayar da na'ura cikin yanayin kariya a goge fayil guda. Wahalar ita ce na'urar ba ta kai ga hawa hanyar sadarwa kafin ta sake faɗuwa, don haka kayan gyara na gama-gari ba su da amfani. Inda akwai mai gadin allo ko akwatin KVM an iya yin aikin daga kujera, inda babu kuwa sai da aka bi na'urori ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na farko daga waɗannan shi ne mallakar na'urar bai wadatar ba. Hanya ba ta zama keɓaɓɓiya sai an bi duk abin da ta dogara da shi, tun daga wuta da waya har zuwa tsarin tantance ma'aikata da na fassara sunaye zuwa adireshi, an tabbatar babu wanda zai faɗi tare da babbar hanya. Na biyu shi ne a riƙa gwada ta lokacin zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Haɗarin da Ke Tattare da Tsarin

Duk wanda ya mallaki mai gadin allo ya mallaki uwar garke, kamar dai yana tsaye a gabanta da sukuddireba. Yana iya sake tayar da ita daga faifan da ya ga dama, ya kwashe bayanai ko ya goge su. Manhajar rigakafi da ke kan babbar na'ura ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin ƙwayar, kuma sake girka babbar manhaja ba ya korar wanda ya ɓuya a can.

A 2013 mai bincike Dan Farmer, tare da HD Moore na kamfanin Rapid7, suka bayyana raunuka masu tsanani a IPMI. Ɗaya shi ne wani zaɓi mai lamba sifili, wanda idan yana kunne na'ura ke karɓar kowace kalmar sirri muddin an san sunan mai asusu. Wani kuma yana cikin ƙa'idar kanta: bugu na 2.0 yana miƙa wa mai neman shiga wani sarrafaffen hoton kalmar sirri tun kafin a tantance shi, wanda zai iya tafiya da shi ya yi ta gwaji a kwamfutarsa har ya dace. Da yake aibin yana cikin ƙa'ida ne, babu facin da zai kawar da shi. Binciken Farmer na 2014 ya iske irin waɗannan na'urori sama da 200,000 a buɗe ga duk mai intanet.

Kalmomin sirri na masana'anta sun ƙara dagula lamarin. Shekaru da dama na'urorin Dell suna zuwa da kalmar calvin, na Supermicro kuma da ADMIN, kuma masu saye da yawa ba su canza ba. Dokar jihar Kalifoniya mai lamba SB-327, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ta tilasta wa masu ƙera na'urori masu hawa intanet su ba kowacce kalmar sirrinta ta daban ko su sa mai saye ya canza tun a amfanin farko. A 2017 an toshe wani rauni a iLO 4 wanda ke barin mai kutse ya tsallake tantancewa ta aika harafin A sau 29 a cikin buƙata guda. A ƙarshen 2021 kamfanin Amnpardaz na Iran ya ba da rahoton wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa iLOBleed, wadda ke zama a cikin mai gadin allo tana goge faifan ajiya, tana kuma nuna kamar an sabunta manhajar ƙwayar alhali ta hana sabuntawar. A watan Yuni na 2023 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun tarayya su janye irin waɗannan ƙofofin sarrafawa daga buɗaɗɗiyar intanet cikin kwana 14 da gano su, ko su sa musu ƙaƙƙarfan shinge.

Matakan kariya sanannu ne. A ware wa masu gadin allo hanyar sadarwarsu, wadda ba a shiga sai ta amintaccen rami na VPN ko ta wata kwamfuta guda da aka tsare. A canza kalmar sirri ranar da aka buɗe kwali, kowace na'ura da tata. A kashe IPMI ta hanyar sadarwa inda Redfish ya wadatar. A riƙa sabunta dasasshiyar manhaja kamar yadda ake sabunta babbar. A rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki. Idan za a sayar da tsohuwar na'ura ko a jefar, a mayar da ƙwayar yanayin masana'anta, domin tana riƙe da kalmomin sirri da bayanan hanyar sadarwar cibiya.

8.0 Abin da Ya Shafi Cibiyoyin Ilimi a Ƙasar Hausa

Sashen harsuna ko cibiyar nazari da ke wallafa mujalla a intanet, ko ke tara hotunan rubuce-rubucen Ajami da muryoyin mawaƙa da labaran baka, yana cikin ɗayan hali biyu. Ko dai ya kama haya a wajen kamfanin da ke da nasa cibiyoyi, inda nauyin wannan tsari ke kan kamfanin, ko kuma jami'a tana da uwar garkenta a harabarta ko a wata cibiya a Legas ko Abuja. A hali na biyu, tambayar yadda za a isa ga na'urar ranar da ta ƙi amsawa tambaya ce ta makomar aikin shekaru.

Yanayin yankin yana ƙara wa batun nauyi. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta ba da shawarar iskar da ke shiga uwar garke ta kasance tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salsiyos, alhali zafin bazara a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura 40. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da dare, gargaɗin mai gadin allo ne zai sa a kashe na'ura kafin ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska, kuma alamar farko ita ce fankoki su ƙara gudu, abin da ke bayyana a ma'aunai tun kafin ido ya gani. Sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da batir kan bar na'ura a kashe ko a maƙale a tsakiyar tashi.

Layin ko-ta-kwana ma yana da iyakarsa. A watan Satumba na 2021 an rufe sadarwar wayar salula a Jihar Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma a irin wannan hali duk layin salula ya mutu ko na wane kamfani ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya nuna cewa kamfanoni daban-daban suna iya dogara da hanya ɗaya ba tare da mai saye ya sani ba.

Akwai kuma batun saye. Kamfanoni irin su Dell da HPE sun saba sanya ganin allo daga nesa a cikin lasisi na musamman da ake biya daban, saboda haka kwamitin da ya sayi na'ura bai tambaya ba zai iya tarar da ƙofar tana nan amma rabinta a rufe. Ya kamata kuma a fahimci cewa wannan tsari ba ya maye gurbin ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban. Yana dawo da na'urar da ta suma, amma ba ya dawo da faifan da ya mutu.

9.0 Batun Kalmomi

Kalmar uwar garke ta riga ta bayyana a fassarorin manhajoji zuwa Hausa, kuma tana da fa'idar nuna na'ura ɗaya da sauran ke bi. Aron saba ya fi gajarta, sai dai a rubuce yana karo da aikatau saba mai ma'anar sabo, musamman da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Game da hanyar kanta, ɓarauniyar hanya za ta fara zuwa bakin Bahaushe, amma tana ɗauke da ma'anar kauce wa hukuma, don haka ta fi dacewa da ƙofar da mai kutse ke dasawa a ɓoye. Hanyar ko-ta-kwana ta kama ma'anar shirin gaggawa, sai dai ana amfani da tsarin a ayyukan yau da kullum kamar girka manhaja da auna zafi, shi ya sa aka taƙaita ta ga layin ajiya kawai. Keɓaɓɓiyar hanya ta fi kusa da ainihin ma'anar, wato rabuwa da hanyar gama-gari. Mai gadin allo kuwa ya kama siffofi biyu na ƙwayar: tana farke lokacin da gida ke barci, kuma makullai suna hannunta.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sarrafa uwar garke ta keɓaɓɓiyar hanya ya ginu ne a kan raba hanyar umarni da hanyar hidima, tunanin da aka gada daga fasahar tarho. Ta bayyana mai gadin allo da na'urorin da ke tallafa masa, da sauyin ƙa'idoji daga IPMI ta 1998 zuwa Redfish ta 2015. Abubuwan da suka faru da Facebook da Rogers da CrowdStrike sun tabbatar da cewa amfanin tsarin yana ga cikar keɓancewarsa, raunukan da aka gano tun 2013 kuma sun tabbatar da cewa ikon da ke cikinsa yana buƙatar tsaro fiye da na uwar garken kanta. Duk sashe ko cibiyar da ta ɗora taskarta a kan uwar garke tana da tambayoyi uku da za ta yi wa sashen fasahar sadarwa na jami'arta: ta wace hanya za a isa ga na'urar idan ta daina amsawa, su wa ke riƙe da kalmar sirrin wannan hanya, kuma yaushe aka gwada ta na ƙarshe.